Shin Ana Koya wa Mutum Zama Marubuci?

A jami'o'i da yawa na Amurka da Ingila akwai wani digiri na biyu wanda ɗalibi yake samu ta hanyar rubuta littafin kansa, maimakon nazarin littattafan wasu. A Amurka an fi saninsa da haruffan MFA. A can ɗalibi yakan shafe shekara biyu, wani wurin uku, yana rubuta gajerun labarai ko waƙoƙi ko babobin littafi, malami da abokan karatu suna yi masa sharhi, a ƙarshe ya tattara abin da ya rubuta ya miƙa a matsayin kundin kammalawa. Tun da aka fara wannan tsari ake jifansa da tambaya guda, kuma har yau ba a daina ba: shin fasahar rubutu sana'a ce da ake koyarwa kamar ɗinki ko ƙira, ko kuwa baiwa ce da Allah yake ba wanda ya so, wadda aji ba ya ƙara ta kuma ba ya rage ta?

Tsarin ya samo asali daga Jami'ar Iowa, a tsakiyar ƙasar noman masara ta Amurka. A 1922 jami'ar ta yarda ɗalibi ya gabatar da ƙirƙirarren aiki a madadin kundin bincike, a 1936 kuma aka kafa zauren marubuta a hukumance. Paul Engle, wanda ya shugabance shi daga 1941 zuwa 1965, shi ya fito da sunansa duniya. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu tsofaffin sojoji suka cika jami'o'i da kuɗin karatun da gwamnati ta ba su, wuri ya yi ƙaranci, har ya zama a cikin rumfunan kwano irin na bariki, a bakin kogin Iowa, ake zaman ajin. A wannan zamani ne, cikin 1945, Flannery O'Connor ta zo daga jihar Georgia. An ce ranar da ta shiga ofishin Engle neman gurbi bai fahimci karin harshenta na Kudu ba, sai da ya ce ta rubuta buƙatarta a takarda. Ingila ta bi sahu a 1970, lokacin da Malcolm Bradbury da Angus Wilson suka buɗe irin wannan karatu a Jami'ar East Anglia da ke Norwich. Yau a Amurka kaɗai akwai irin waɗannan shirye-shirye sama da 200.

Rayuwar ɗalibi a cikinsu ba ta da armashin da na waje yake zato. Darussan aji kaɗan ne. Akwai zaman sharhi sau ɗaya a mako, akwai darasi ɗaya ko biyu na karatun adabi, sauran lokaci kuwa nasa ne, kuma wannan sakakken lokaci shi ne jarrabawar da ta fi kowace wuya. A manyan shirye-shirye ana yafe kuɗin makaranta a kuma ba ɗalibi ɗan alawus, shi kuma ya biya da koyar da 'yan ajin farko na jami'a yadda ake rubutu. Saboda haka safiyarsa takan tafi a kan teburinsa, yana fama da shafi ɗaya, ranarsa a kan makin takardun ɗalibansa, darensa a kan karanta ayyukan abokan ajinsa, domin wajibi ne ya rubuta wa kowannensu wasiƙar sharhi kafin a zauna. A Iowa hunturu yakan yi tsanani, ƙanƙara ta rufe hanya tsawon watanni, mutum ya wuni a ɗaki ba wanda zai tambaye shi ko ya rubuta wani abu yau.

Zaman sharhin shi ne zuciyar karatun, kuma ya kamata a dube shi da kyau. Mutum goma ko goma sha biyu ne suke kewaye tebur guda. Kowa yana riƙe da kwafin labarin da aka raba mako guda kafin nan, gefen shafuka cike da rubutun biro: an ja layi ƙarƙashin jimla, an sa alamar tambaya a gefen sakin layi, an zagaye kalmar da ta maimaitu sau huɗu a shafi ɗaya. Mai labarin yakan karanta ɗan yanki da bakinsa, daga nan sai ya yi shiru. Bisa tsohuwar ƙa'idar Iowa ba shi da izinin magana har a gama. Yana zaune, yana ji ana tattauna aikinsa kamar ba ya ɗakin. Wani ya ce labarin bai fara ba sai a shafi na shida. Wata ta ce ba ta gane dalilin da ya sa matar ta bar gidan ba. Wani ya yabi abin da shi marubucin bai ɗauka a bakin komai ba, aka tsallake wurin da ya kwana uku yana gyarawa ba wanda ya ko ambace shi. Bayan awa guda ko fiye a ba shi dama ya yi godiya, wataƙila ya yi tambaya ɗaya ko biyu, ya tattara kwafe goma sha biyu da wasiƙu goma sha biyu ya tafi gida. Hujjar wannan shiru a fili take: littafi idan ya fita kasuwa marubucinsa ba ya bin sa gida gida yana bayanin abin da yake nufi. Abin da bai hau takarda ba bai isa ga mai karatu ba.

Tambayar ko wannan zama yana haifar da marubuci ta girmi jami'o'in da shekaru dubbai. Larabawan Jahiliyya suna cewa kowane babban mawaƙi yana da aljaninsa mai sanya masa baiti a baki, har suna ambaton wani kwari, Abƙar, a matsayin mazaunin waɗannan aljanu. Aflatun, a tattaunawarsa mai suna Ion, ya kwatanta mawaƙi da zoben ƙarfe da maganaɗisu ya kama: ƙarfin da ke ratsa shi daga sama yake zuwa, shi kansa bai san yadda yake yin abin da yake yi ba. A 1790 masanin falsafa Bajamushe Immanuel Kant ya ba wannan ra'ayi siffar hujja. Ya ce Newton zai iya nuna wa ɗalibi kowane taki da ya bi har ya kai ga abin da ya gano, mai ƙwazo kuma ya bi sawunsa, amma Homer ba zai iya nuna yadda tunani ya haɗu a kansa ya zama waƙa ba, domin shi ma bai sani ba. Abin da mai shi bai san hanyarsa ba, yaya zai koyar da shi?

Ɗaya ɓangaren ma tsoho ne. Aristotal ya ɗauki wasan kwaikwayo ya warware shi kamar yadda makaniki yake kwance inji, ya nuna yadda ake gina zubi da inda labari yake juyawa. Horas na Rum ya yi tambayar kai tsaye, ko halitta ce take yin waƙa ko horo, ya amsa cewa kowanne yana buƙatar ɗan'uwansa. Su kansu Larabawan da suke maganar aljanu suna da makarantarsu. Mai son zama mawaƙi yakan lizimci wani babba ya zama marawaicinsa, ya haddace waƙoƙinsa, ya yaɗa su, ya yi shekaru a haka kafin ya buɗe baki da nasa. Zuhairu ɗan Abi Sulma marawaicin Ausu ɗan Hajar ne, shi kuma ya reni ɗansa Ka'abu da Huɗai'a. An san Zuhairu da ajiye ƙasida shekara guda yana tacewa kafin ya fitar, har aka yi wa shi da masu bin tafarkinsa laƙabin bayin waƙa. Mai sauraron kiɗan Hausa ya san irin wannan hanya, don mawaƙa da dama sun fara ne a matsayin 'yan amshi a bayan ubangida, suna jin inda yake ɗaga murya da inda yake ajiye magana, kafin su kafa tasu ƙungiya.

Wanda ya fi kowa kusantar bakin zaren shi ne Ibn Khaldun, a Muƙaddimarsa ta 1377. A wurinsa iya harshe da iya waƙa malaka ce, wato ɗabi'a da take zauna a cikin rai saboda yawan maimaici, har ta zama kamar da ita aka haifi mutum. Ya kwatanta mawaƙi da magini mai zuba ƙasa a ma'auni, ko masaƙi a kan masaƙarsa: sai siffar ta zauna a zuciya kafin a iya zuba sabbin kalmomi a cikinta. Hanyar samunta ita ce haddace kyawawan waƙoƙi masu yawa, sannan a yi ta gwadawa, sannan, abin mamaki, a manta da lafazin abin da aka haddace domin kada ya hana mutum faɗin nasa. Akwai sanannen labari mai kama da haka game da Abu Nuwas, cewa malaminsa Khalaf al-Ahmar ya hana shi yin waƙa sai ya haddace dubu daga na magabata, da ya haddace kuma ya ce ya je ya manta da su. Ibn Khaldun ya ƙara da wani gargaɗi da ya dace da zaman sharhi ƙwarai: mutum yakan ruɗu da waƙarsa saboda 'yar cikinsa ce, don haka wajibi ne ya koma kanta da idon mai suka, ya jefar da abin da bai kai ba.

Idan aka auna da wannan ma'auni, za a ga abin da ajin rubutu yake iya bayarwa ba kaɗan ba ne. Ana iya koya wa mutum ya gane inda labarinsa ya fara da gaske, ya yanke shafuka biyar na share fage. Ana iya koya masa ya tsaya a idon mutum ɗaya kada ya yi ta tsalle daga wannan kai zuwa wancan ba dalili. Ana iya nuna masa bambancin jimlar da ta ce uwa ta yi baƙin ciki ƙwarai da tafiyar ɗanta, da jimlar da ta nuna uwar ta zuba tuwon dare a kwano huɗu kamar kullum, sai da ta kai na huɗun bakin ƙofa ta tsaya. Ta farko rahoto ce, ta biyu kuwa tana sa mai karatu ya gano baƙin cikin da kansa. Duk wannan ilimi ne mai ƙa'ida, ana faɗarsa, ana gwada shi, ana gyara kuskure a cikinsa. Sama da duka, wanda ya shekara biyu yana rubuta wa wasu wasiƙar sharhi kowane mako yakan wayi gari ya iya karanta nasa rubutun kamar na baƙo. Tsofaffin ɗalibai da yawa sukan ce sun fi ƙaruwa a makonnin da suka yi sharhin aikin wasu fiye da ranar da aka yi nasu.

Abin da ajin ba ya iya bayarwa shi ma a bayyane yake. Ba ya sa wa mutum abin faɗa. Ba ya ba shi kunnen da ke jin nauyin kalma, ko idon da ya lura da kwano na huɗu tun farko. Zauren Iowa da kansa, a bayanin da yake gabatar da kansa da shi, ya yarda da wani ɓangare na ra'ayin cewa ba a koyar da rubutu, ya ce abin da ya tsaya a kai shi ne ana iya raya baiwar da take akwai. Wannan ya sa jerin sunayen mashahuran da suka fito daga waɗannan makarantu ba ya yanke gardama. Gaskiya ne Ian McEwan ya bi ta East Anglia, haka Ayobami Adebayo, Chimamanda Ngozi Adichie ta yi nata a Johns Hopkins, Chinelo Okparanta a Iowa. Amma makaranta irin ta Iowa, da ke zaɓar mutum kusan 50 a shekara daga tarin masu nema, bisa ingancin rubutun da suka aiko, ta riga ta tsince masu baiwa tun a bakin ƙofa. Manomin da ya zaɓi iri mafi kyau ba zai ce takinsa kaɗai ne ya yi amfanin gonar ba. Hanif Kureishi, wanda a lokacin shi kansa malamin wannan fanni ne a Ingila, ya tayar da ƙura a 2014 da ya ce yawancin ɗalibai ba su da baiwar kuma karatun ɓata lokaci ne. Maganarsa ta yi kaushi, ta kuma tsallake abu guda: ba wanda yake sanin yana da baiwa ko ba shi da ita sai ya yi aikin tsawon lokaci, a gaban masu gaya masa gaskiya.

A nan ne mahangar addini take haskaka batun maimakon ta rufe shi. Cewa baiwa kyautar Allah ce ba ya kore riƙon sababi, kamar yadda yarda da cewa ruwan sama na Allah ne bai taɓa hana manomi yin huɗa ba. Hausawa sun ce Allah ya ce tashi in taimake ka. Kyauta kuma amana ce, wanda aka ba ita ya bar ta ta yi tsatsa ya tozarta ta. Akwai ma wani ɓangaren tarbiyya da ba a cika ambata ba. Ɗalibin da ke zaune shiru ana fede aikinsa yana koyon danne girman kai. Wanda abokin ajinsa ya samu kwangilar buga littafi tun kafin su kammala, shi kuwa ana ta mayar masa da labaransa daga mujallu, yana kokawa da hassada kowace safiya. Wanda zai yi sharhin aikin abokinsa yana tsakanin gaskiya mai ciwo da daɗin baki mai cutarwa, kuma nasiha ta gari ba ta yarda da ɗayansu tsura. Waɗannan ba sa cikin manhaja, amma su ne suke raba wanda zai ci gaba da rubutu bayan shekara goma da wanda zai ajiye alƙalami.

Sai dai tsarin yana da haɗari na gaske, kuma masu sukarsa ba su yi ƙarya ba. Idan mutum goma sha biyu suka yi ta gyara labari, kowa yana cire abin da bai yi masa ba, abin da zai rage yakan zama sumul, ba aibi, ba kuma ɗanɗano. Ɗanɗanon ɗakin yakan rikiɗe ya zama doka, a riƙa kiransa ƙa'idar sana'a alhali al'adar wasu mutane ce a wani zamani. Matthew Salesses, a littafinsa na 2021, ya nuna cewa ƙa'idar shiru tana aiki ne idan masu sharhin su ne irin mutanen da aka rubuta labarin dominsu. A ɗauka ɗalibi Bahaushe ne ya kawo labari inda uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta kallonsa ido cikin ido, ya dawo daga doguwar tafiya ta amsa gaisuwarsa a taƙaice ta juya ga ƙannensa. Ɗakin zai iya yin awa guda yana tattauna dalilin da ya sa matar ba ta ƙaunar ɗanta, a ba shi shawara ya ƙara fage da zai bayyana tushen ƙiyayyar, shi kuwa yana zaune an ɗaure masa baki, ya san alkunya ce, kuma duk ƙaunar tana cikin wannan kau da kai. Idan ya bi shawarar ya kashe labarinsa. Idan ya cika shi da bayanin al'ada ya mayar da shi littafin yawon buɗe ido. Saboda irin wannan ne malamai da dama yanzu suka sassauta ƙa'idar, suna barin marubuci ya fara da faɗin wanda yake rubuta wa da tambayoyin da yake son a amsa masa. Gyara ne da ya dace, ko da yake an rasa wani abu na horon da shirun yake bayarwa.

Daga nan wata tambayar take ɓullowa: aikin da hannaye da yawa suka taɓa, na wane ne? Raymond Carver, wanda ya yi ɗan zama a Iowa yana ɗalibi daga baya ya koyar a can, ya yi suna da gajerun jimloli marasa ado. Bayan rasuwarsa ta fito fili cewa editansa Gordon Lish ya yanke fiye da rabin wasu labaran littafinsa na 1981, har ya sauya ƙarshen wasu. A 2009 aka buga labaran yadda Carver ya rubuta su, masu karatu suka rabu a kan wanne ya fi. Adabin Hausa ma ya san zaman marubuci da mai gyara. Bayan gasar 1933 da ta fito da Ruwan Bagaja, Rupert East ya ɗauko Abubakar Imam zuwa Zariya a 1936, inda ya rubuta Magana Jari Ce, East yana karantawa suna tattaunawa. Ba mai hankalin da zai ce East ne ya ba Imam harshensa ko barkwancinsa, ba kuma wanda zai ce zaman bai amfane shi ba. Iyakar da ta raba taimako da ƙwace ita ce wanda yake da maganar ƙarshe. Muddin marubuci ne yake zaɓar abin da zai karɓa daga wasiƙu goma sha biyun, ya watsar da saura, aikin nasa ne. Koyon wannan zaɓe, wato sanin muryar da ta fahimci inda ya dosa da wadda take son ya rubuta labarinta, shi ne darasi mafi wuya a shekarun biyu.

Digirin kansa ba ya buɗe ƙofa da yawa. Kamfanin buga littafi ba ya tambayar takardar shaida, rubutun yake dubawa, kuma guraben koyarwa a jami'a sun yi wa masu neman su kaɗan. Wanda ya samu gurbi da tallafi ya samu abu mai daraja: shekara biyu da aka ɗauke masa neman abinci, da mutanen da za su karanta shi da gaske. Wanda sai ya ci bashi mai nauyi kafin ya shiga, ya fi masa alheri ya nemi abokai uku masu gaskiya da ɗakin karatu, domin malakar da Ibn Khaldun ya bayyana ba ta san harabar jami'a ba.

Labarin Kazuo Ishiguro ya nuna rabon aikin kowane ɓangare. An haife shi a Nagasaki a 1954, aka kawo shi Ingila yana ɗan shekara biyar. A kakar 1979 ya shiga karatun East Anglia, ya kama hayar ƙaramin ɗaki a ƙauyen Buxton na yankin Norfolk. Labaran da ya fara rubutawa a Birtaniya suke faruwa, kuma ba su gamsar da shi ba. Wani dare ya tsinci kansa yana rubutu a kan Nagasaki a ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu, wato a kan Japan, ƙasar da bai sake takawa ba tun yarinta. Ba malamin da ya ba shi wannan batu. Amma a jawabinsa na karɓar kyautar Nobel a 2017 ya bayyana cewa ya nuna labarin ga abokan karatu da malamansa yana ɗari-ɗari, kuma da ba su karɓe shi hannu biyu ba, mai yiwuwa da bai sake rubutu a kan Japan ba. Malaman nasa su ne Malcolm Bradbury da Angela Carter. Littafinsa na farko, wanda ya tsiro daga wannan hanya, ya fito a 1982.